Awo Kafin Canji: Abin Da Ya Kamata 'Yan Kasuwar Kado Su Nema Daga Masu Gyaran Na'urorin Lantarki

Duk wanda ya saba shiga Kasuwar Kifi ta Kado da ke Babban Birnin Tarayya, Abuja, ya san cewa jarin da ke wurin bai tsaya ga katan-katan ɗin kifin da ake saukewa daga manyan motoci ba. Wani babban kaso na dukiyar yana kwance ne a cikin na'urorin da ke hana kifin lalacewa, wato ɗakunan sanyi da firiza da janareta da sitabilaiza, sai kuma inbata da kayan sola da suka yawaita a 'yan shekarun nan. Haka lamarin yake a shagunan magani da ƙananan asibitoci da otal-otal da wuraren buga takardu na unguwar Kado da maƙwabtanta irin su Jabi da Life Camp da Gwarinpa. A duk waɗannan wurare, ranar da na'ura ta tsaya, ciniki ma ya tsaya.

Abin da ya kamata ya dami masu waɗannan harkoki shi ne irin hukuncin da ake yankewa idan na'ura ta ƙi tashi. Sau da yawa mai gyara yakan buɗe ta, ya leƙa, ya shinshina, sannan ya ce allon cikinta ya ƙone, sai an sayo wani, ko kuma a sauya na'urar baki ɗaya. Alhali kuwa ɗaya daga cikin sassan da suka fi saurin tsufa a na'urorin lantarki na zamani wani ɗan ƙaramin gwangwani ne da ake kira kafasita, wanda sau da yawa kuɗinsa bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin na'urar ba. Akwai kuma hanyar da aka daɗe da sani ta gane lafiyarsa cikin 'yan daƙiƙoƙi, galibi ba tare da an ciro shi daga allon ba. Saboda haka lokaci ya yi da ɗan kasuwa zai daina amincewa da hukuncin ido kawai, ya riƙa neman a yi awo a nuna masa adadi kafin ya buɗe aljihunsa.

Dalilin da ya sa batun ya zama na kuɗi

A lokacin da kayan ƙasashen waje ke da sauƙi, jefar da tsohuwar na'ura a sayi sabuwa ba wani abin tayar da hankali ba ne. Wannan zamani ya wuce. A watan Mayu na 2023 gwamnatin tarayya ta janye tallafin man fetur, a watan Yuni na shekarar kuma Babban Bankin Nijeriya ya bar kasuwa ta yi wa naira farashi. Dalar Amurka da ake samu a kan kimanin naira 460 a farashin hukuma kafin wannan mataki ta haura naira 1,500 a cikin 2024. A watan Afrilu na 2024 kuma Hukumar Kula da Harkokin Wutar Lantarki ta Ƙasa ta ɗaga kuɗin wuta ga masu rukunin farko daga ƙasa da naira 70 zuwa naira 225 a kan kowane ma'auni. Waɗannan matakai sun tura 'yan kasuwa da dama ga inbata da sola, kuma kusan dukkan waɗannan kayayyaki da dala ake shigo da su.

Ma'anar wannan ita ce, a yau akwai na'urorin lantarki masu tsada a shagunan Abuja fiye da kowane lokaci a baya, kuma maye gurbin kowace ɗaya ya fi nauyi fiye da da. Duk shekarar da aka ƙara wa rayuwar inbata ko kwamfuta ko na'urar gwaji ta asibiti, riba ce ga mai ita, kuma ragin buƙatar kuɗaɗen musaya ne ga ƙasa.

Mece ce kafasita, kuma me ke kashe ta?

Kafasita ma'ajiyar wuta ce ta ɗan lokaci. Wutar da ke shiga na'ura ba a miƙe take zuwa ba, tana hawa tana sauka. Aikin kafasita shi ne ta karɓi wuta lokacin da ta hau, ta sake ta lokacin da ta sauka, domin sauran sassan na'urar su sami wuta mai santsi. Irin wadda ake magana a kanta a nan ita ce kafasita mai ruwa, wadda masana ke kira ilektirolitik. A cikinta akwai siraran fallayen alminiyam guda biyu da takarda a tsakaninsu wadda aka jiƙa da wani ruwan sinadari, an naɗe su kamar tabarma, an cusa a gwangwani, an toshe gindin da roba. Wannan ruwa shi ne sirrin ƙarfinta, domin shi ya sa ƙaramin gwangwani ke iya ɗaukar wuta mai yawa a kan kuɗi kaɗan. Shi ne kuma ajalinta, domin a hankali yana tsiyayewa ta jikin robar a matsayin tururi har cikin ya bushe.

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar abin da ke biyo baya ita ce a kwatanta kafasita da tankin ruwa na saman gida. Tanki yana da girma, wato yawan litar da yake ɗauka, yana kuma da bututun da ruwa ke shiga da fita ta cikinsa. Girman kafasita shi ne adadin da ake rubutawa a jikinta da ma'aunin maikirofarad. Bututun kuwa shi ne abin da masu sana'ar ke taƙaitawa da haruffa uku, ESR, wato turjiyar da ke cikin kafasitar kanta, wadda wuta ke cin karo da ita a duk shiga da fita. Ana auna wannan turjiyar ciki da ma'aunin om. Tanki na iya kasancewa yana ɗaukar lita dubu kamar ranar da aka saye shi, amma idan tsatsa ta toshe bututun, mutanen gidan ba za su ga ruwa a famfo ba. Haka kafasitar da ta fara bushewa take: girmanta na iya zama kusan daidai, amma turjiyar cikinta ta ninka sau da yawa.

A nan ne kuskuren da ya fi yawa yake faruwa. Mitar da ke hannun yawancin masu gyara girman kafasita take aunawa, idan ma tana da wannan sashe. Masana'antun kuma sukan ba da rangwamen kashi 20 cikin ɗari sama ko ƙasa a kan girman da aka rubuta. Don haka kafasitar da aka rubuta wa maikirofarad 1,000, mita ta nuna 850, za a ce lafiyarta ƙalau, a mayar da ita, a shiga neman laifi a wani wuri. Amma sashen samar da wuta na talabijin da kwamfuta da caja da inbata na zamani yana kunna wuta yana kashewa sau dubbai masu yawa a daƙiƙa guda, kuma a irin wannan gudu faɗin bututu ya fi girman tanki muhimmanci.

Ido ma ba abin dogaro ba ne. Gaskiya ne cewa kafasitar da samanta ya kumbura, ko wadda ruwa ya ɓullo mata, ta mutu, kuma kowa na iya ganin haka. Amma da yawa sukan bushe ba tare da wata alama ba, musamman ƙananan da ke taimaka wa na'ura ta tashi. Ba duk marar lafiya ne ke kwanciya ba.

Zafi, babban abokin gaba

Masana'antun da ke ƙera kafasita sukan faɗi tsawon rayuwarta a wani mataki na zafi, misali awa 2,000 a digiri 105 na ma'aunin Salshiyos, ko awa 2,000 a digiri 85. Akwai kuma ƙa'idar da injiniyoyi ke aiki da ita: duk ragin digiri 10 yana ninka rayuwar sau biyu, duk ƙarin digiri 10 kuma yana raba ta biyu. Lissafin yana da sauƙi. Kafasitar awa 2,000 a digiri 105, idan tana aiki a digiri 65, za a sa ran ta yi awa 32,000, wato fiye da shekara uku da rabi ana aiki dare da rana. Idan zafin ya kai digiri 75, rayuwar ta koma awa 16,000, ƙasa da shekara biyu. Idan kuwa mai gyara ya sa mai digiri 85 a wannan gurbi na digiri 65 saboda ta fi araha, awa 8,000 kawai za ta yi, alhali shekara guda awa 8,760 ce.

Wannan lissafi ya shafi Abuja kai tsaye. A watannin Fabrairu da Maris da Afrilu zafin rana yakan haura digiri 35 a inuwa. Inbatar da aka ajiye a ƙarƙashin matakala, ko a ɗan ɗakin ajiya marar taga, ko kusa da janareta, ko a shagon kwantena mai rufin ƙarfe, tana ƙara nata zafin a kan wannan. Ƙurar hunturu kuma tana toshe kafofin iska tana rage gudun fanka. Na'urar da aka ƙera da tunanin ofis mai sanyi a Turai ko Asiya tana tsufa da wuri a irin wannan yanayi, ko da kuwa ta gaske ce.

Abin da ya fi muni shi ne cutar tana ciyar da kanta. Zafin da kafasita ke haifarwa a cikinta ya dogara ne ga yawan wutar da ke kai-komo da kuma turjiyar ciki. Idan wutar amfiya 2 na ratsa turjiyar om 0.05, zafin da ke fita wat 0.2 ne, abin da gwangwanin zai iya jurewa. Idan turjiyar ta hau zuwa om 0.5, zafin ya zama wat 2 a cikin abin da bai fi gaɓar yatsa ba. Zafi ya ƙara busar da ruwa, bushewa ta ƙara turjiya, turjiya ta ƙara zafi. Daga nan wutar da ke isa ga sauran sassa ta daina santsi, kuma sassan da suka fi tsada, irin su taranzistocin da ke ɗaukar nauyin inbata, su ne ke biyan bashin. A lokacin ne allon ke ƙonewa da gaske. Mai gyaran da ya ce allo ya ƙone bai yi ƙarya ba, sai dai wata shida kafin nan gyaran na 'yan kuɗi kaɗan ne.

Na'ura takan yi gargaɗi kafin ta kai wannan mataki. Talabijin ya riƙa jinkirin tashi, fitilarsa tana ƙyaftawa. Kwamfuta ta riƙa mutuwa tana tashi da kanta. Lasifika ya riƙa gurnani. Inbata ta riƙa yankewa da zarar an ɗora mata nauyin da a da take ɗauka. Akwai kuma alamar da mazauna Abuja za su gane: na'urar da ke ƙin tashi da sanyin safiyar hunturu, amma da rana ta ɗaga sai ta kama aiki. Dalili shi ne sanyi yana ƙara turjiyar ciki, ɗumi yana rage ta na ɗan lokaci. Duk waɗannan alamu kira ne na a yi awo.

Yadda awon yake

Na'urar auna turjiyar ciki tana tura ƙaramar wuta mai kai-komo cikin sauri, galibi sau dubu 100 a daƙiƙa guda. A wannan gudu girman babbar kafasita ba ya tare wutar, don haka abin da na'urar ta karanta shi ne turjiyar ciki kusan tsantsa. Ƙarfin wutar da take turawa kuma ƙanƙani ne ƙwarai, bai kai wanda zai tayar da sauran sassan da ke allon ba. Wannan ne ya sa ake iya bin kafasitoci ashirin ko talatin ɗaya bayan ɗaya a kan allo, cikin 'yan mintoci, ba tare da narkar da dalma ba.

Fasahar ba sabuwa ba ce. A 1996 wani ma'aikacin lantarki ɗan ƙasar Ostireliya mai suna Bob Parker ya wallafa tsarin irin wannan na'ura a mujallar Electronics Australia, aka riƙa sayar da kayan haɗa ta ga masu gyaran talabijin, ta kuma bazu a ƙasashe da dama. A yau ana samun ire-irenta a kan kuɗin da bai kai na matsakaiciyar wayar hannu ba. Shagon gyaran da ke karɓar inbatar dubban ɗaruruwan naira amma ba shi da wannan na'ura ba shi da uzurin tsada.

Sai dai babu adadi guda da ya dace da kowace kafasita. Sabuwa mai maikirofarad 1,000 irin ta sashen samar da wuta takan nuna ƙasa da om 0.1, yayin da ƙarama mai maikirofarad 1 kan iya nuna om da yawa kuma lafiyarta ƙalau. Mai awo yana kwatanta abin da ya gani ne da takardar bayanan masana'anta, ko jadawalin da ke zuwa da na'urar awon, ko kuma wata sabuwar kafasita mai girma iri ɗaya. Abin da aka saba bi shi ne, idan turjiyar ta ninka ta sabuwa sau biyu ko uku, kafasitar ta kai ƙarshen aikinta, ko da na'urar tana tafiya.

Darasi daga manyan kamfanoni

Kada ɗan kasuwa ya ɗauka cewa wannan matsala ta ƙananan shaguna ce kawai. Tsakanin 1999 da 2007 masana'antar kwamfuta ta duniya ta yi fama da abin da aka yi wa laƙabi da annobar kafasita, inda miliyoyin kafasitoci, akasari daga wasu masana'antun Taiwan, suka riƙa kumbura suna fashewa tun kafin lokacinsu saboda kuskure a haɗin ruwan cikinsu. A cikin waɗannan shekaru kamfanin Dell na Amurka ya gamu da tasa matsalar ta kafasitoci marasa inganci a kwamfutocinsa samfurin OptiPlex, har a 2005 ya ware kimanin dala miliyan 300 domin gyara da sauyawa. Takardun kotu da aka bayyana a 2010 sun nuna cewa kwamfutoci miliyan 11.8 da aka sayar tsakanin Mayu 2003 da Yuli 2005 na cikin haɗarin lalacewa. Idan abin da ake saye da 'yan kwabbai ya iya jawo wa kamfani irin wannan asara da zubewar suna, to ba abin rainawa ba ne a ɗakin sanyin kifi.

Darasi na biyu ya shafi kayan hannu. Wani bincike da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta gudanar a tashoshin jiragen ruwa na Legas ya gano cewa kimanin tan 60,000 na tsofaffin kayan lantarki ne suka shigo Nijeriya a kowace shekara a 2015 da 2016, kuma fiye da tan 15,000 daga ciki ba sa aiki tun daga isowarsu. Waɗanda ke aiki ma sun riga sun cinye wani ɓangare na rayuwar kafasitocinsu a ƙasashen da suka fito. Mai sayen kwamfutoci goma na hannu domin buɗe cibiyar kasuwanci, ko asibitin da zai sayi tsohuwar na'urar gwaji, yana iya neman a buɗe a auna kafin ya biya. Abin da awon ya nuna hujja ce ta neman ragi, ko ta fasa ciniki.

Darasi na uku shi ne na jabu. Sauya kafasita ba ya amfani idan wadda aka sa ta fi ta da muni. An sha samun kafasitoci masu ɗauke da sunayen manyan masana'antun Japan irin su Rubycon da Nichicon da Nippon Chemi-Con da Panasonic alhali ba daga can suka fito ba, har da waɗanda idan aka yanka gwangwanin sai a tarar da ƙaramar kafasita a ɓoye a ciki. Akwai kuma tsofaffin da aka ciro daga matattun alluna aka goge aka sayar. Awon turjiyar ciki tare da awon girma, a gaban mai saye, yana tona asirin da yawa daga cikin irin waɗannan. Araha dai ba ta ado.

Iyakar abin da awon zai iya

Adalci ya buƙaci a faɗi inda wannan hanya ta gaza, domin ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Na farko, idan an jera kafasitoci da dama a layi guda suna aiki tare, mai lafiya takan rufa wa marar lafiya asiri, sai an ɗaga ƙafa ɗaya an auna kowace ita kaɗai. Na biyu, kafasitar da ta haɗe a ciki gaba ɗaya takan nuna turjiya kaɗan ƙwarai, wanda bai ƙware ba ya ɗauka sabuwa ce. Na uku, awon ba ya nuna yoyon wuta, matsalar da kan sami kafasitar da ta yi shekaru a ajiye ba a yi aiki da ita ba. Na huɗu, kuma wannan ya shafi masu firiza da fanka da na'urar sanyaya ɗaki, kafasitar da ke tafiyar da injinsu a kullum yawanci ba mai ruwa ba ce, kuma girmanta ake aunawa a gane lafiyarta. Wadda ke taimaka wa kwamfaresa tashi ce kan zama mai ruwa, haka ma waɗanda ke kan allon sarrafawa na sababbin firiza da na'urorin sanyaya ɗaki.

Akwai kuma haɗari ga rai. Wutar gida ta bolt 230 takan zama kimanin bolt 325 a kan babbar kafasitar shiga, kuma tana iya zama a ciki bayan an zare waya daga bango. Dole a sauke wannan wuta ta hanyar da ta dace kafin a taɓa, domin kare mai gyara da na'urar awonsa. Wannan ba aikin yaron shago ba ne, kuma ba a kira ga ɗan kasuwa ya buɗe na'urarsa da kansa ba. Na'urar da ke cikin wa'adin garanti kuma wajen dillalinta ya kamata ta koma.

Wasu za su ce duk wannan ɓata lokaci ne, tunda tushen matsalar shi ne wutar da ke zuwa tana ɗaukewa, tana hawa tana sauka, ga babban layin wutar ƙasa da ya durƙushe sau da dama a 2024. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, domin awo ba ya gyara wutar gari. Amma mai tafiya a kan hanya mai ramuka shi ya fi kowa buƙatar duba tayoyinsa. Wasu kuma za su ce idan na'ura ta tsufa gara a sauya dukkan kafasitocinta a huta. A na'ura mai muhimmanci da ta yi shekaru da yawa, wannan shawara ce mai kyau. Duk da haka awon ne zai nuna ko lokacin ya yi, shi ne kuma zai tabbatar da ingancin sababbin da za a sa.

Akwai ƙorafi na uku da ba a cika faɗa a fili ba: mai gyara ya fi samun kuɗi idan ya sauya allo fiye da idan ya sauya kafasita. Wannan gaskiya ne, kuma laifin ba nasa ne shi kaɗai ba. Muddin mai kaya yana ganin cewa kuɗin aiki ya kamata ya bi girman abin da aka sauya, to yana koya wa mai gyara ya sauya babban abu ne. Wanda ya gano cutar cikin minti goma ya ceci inbata ya cancanci a biya shi ladan saninsa, ba kuɗin gwangwani kawai ba.

Abin da ya kamata a yi

Ga masu ɗakunan sanyi da shaguna da asibitoci, matakan ba su da tsada. A sa awon kafasita cikin yarjejeniyar kula da na'urori, a riƙa yin sa aƙalla sau ɗaya a shekara, kuma lokacin da ya fi dacewa shi ne ƙarshen hunturu, a share ƙura a yi awo kafin zafin bazara ya shigo. A buɗe wa kowace babbar na'ura littafi da za a riƙa rubuta ranar awo da adadin da aka samu, domin hauhawar adadin daga bara zuwa bana ta fi adadin rana ɗaya bayani. A nemi mai gyara ya dawo da tsofaffin sassan da ya cire, ya rubuta a rasit sunan masana'anta da girma da ƙarfin bolt da matakin zafi na waɗanda ya sa. Kada a karɓi mai digiri 85 a gurbin mai digiri 105, ko ta gama-gari a gurbin mai ƙaramar turjiya. A kuma fitar da inbata daga lungu zuwa inda iska ke ratsawa, domin ragin digiri 10 kyauta ne, amma yana ninka rayuwar kafasita.

Ƙungiyoyin 'yan kasuwa irin na Kado suna da ƙarfin da mutum ɗaya ba shi da shi. Suna iya tantance 'yan masu gyara da ke da kayan awo da shaidar ƙwarewa, su ƙulla yarjejeniya da su a madadin mambobi, su kuma sayi ingantattun sassa a dunƙule daga dillalan da aka sani.

Hukumomi ma suna da nasu rabon. Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Nijeriya, wadda ta fara shirin tantance kayan da ake shigowa da su a 2005, ya kamata ta kai idonta ga ƙananan sassan gyara da ake sayarwa a manyan kasuwannin lantarki irin su Alaba a Legas da Sabon Gari a Kano, ba ga cikakkun na'urori kawai ba. Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu, wanda aka kafa a 1971, da Hukumar Kula da Ilimin Fasaha ta Ƙasa, suna iya tabbatar da cewa duk wanda ya fito daga horon gyaran lantarki ya iya wannan awo, tare da shirya gajerun kwasa-kwasai ga waɗanda suka koyi sana'ar a hannun maigida. Hukumar da ke kula da dokokin muhalli, wadda ke da ƙa'idojin sharar lantarki tun 2011, ita ma za ta amfana, domin duniya ta tara tan miliyan 62 na irin wannan shara a 2022, kuma na'urar da aka gyara ba ta shiga juji.

Ɗan kasuwar Kado ba ya karɓar katan ɗin kifi sai ya duba nauyinsa, ba ya karɓar kuɗi sai ya ƙirga. Babu dalilin da zai sa ya karɓi hukuncin kisa a kan na'urar da ta ci masa jari mai yawa ba tare da an ɗora ta a ma'auni ba. Tambayar da ya kamata ya riƙa yi wa duk mai gyaran da ya ce allo ya mutu gajeriya ce: an auna kafasitocin, kuma nawa suka nuna? Mai gyaran da ya san aikinsa zai yi maraba da ita.